Gishirin da Ba a Tukunya Yake Ba

Har gobe ban manta da ranar da na jefa wa Malam Ado ƙwayar magani a kofin ruwa ba. Na yi ritaya, abubuwa da yawa na aiki sun kwanta mini, amma wannan ranar tana nan daram. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin abin da na gani, ku da yanzu kuka fara tsayuwa a bayan tagar magani, to wannan zan ba ku, ko da yake ba labarin da zai ƙara mini daraja a idonku ba ne.

A lokacin ina mataki na takwas a aikin gwamnati, ni ne mai kula da ɗakin magani a wani ƙaramin asibiti a ƙaramar hukumar Ajingi. Ga wanda bai san tsarin ba, irin wannan asibitin ba shi da likita. Akwai shugabar asibiti, wadda muke kira incaji. Tamu sunanta Sista Ladidi, jami'ar lafiya ce da ta riga ni shiga aiki da shekaru masu yawa. Ita ke duba marar lafiya ta rubuta masa magani a kati. Shi kuma ya kawo mini katin ta taga, in karanta, in ɗauko, in yi masa bayani, in sa hannu. Doka ita ce ba ni da ikon canza abin da aka rubuta. In babu maganin, ko na ga dalilin canzawa, sai in tashi in same ta, ta amince, a rubuta canjin a kati. Tsakanin ɗakina da nata bai fi taku goma ba. Ku riƙe wannan.

Wata shekara da kaka, cikin kayan da aka kawo mana sito, sai ga katan guda na farasitamol irin wanda ake narkarwa a ruwa. Kun san shi: ƙwaya ce faffaɗa, kusan faɗin murfin kwalba, a jere cikin 'yar doguwar roba mai murfi. Abu uku ne a cikinta. Akwai maganin kansa, akwai garin tsami irin na lemon tsami, sannan akwai soda irin wadda masu yin burodi da cincin suke sawa. Muddin suna bushe, zaune suke lafiya da juna. Da zarar ruwa ya taɓa su, sai tsamin da sodar su haɗu su haifar da iska, irin iskar da ke tasowa in an buɗe lemon kwalba. Wannan iskar ce take farfasa ƙwayar daga ciki, ta watsa maganin a ruwan, har ya narke tas. Shi ya sa yake saurin aiki, don ciki ba sai ya tsaya niƙa ba. Shi ya sa kuma ba a haɗiye shi a dunƙule, kuma ba a barin robar a buɗe, don ko danshin ɗaki ya ishe shi ya fara aiki tun a ciki ya lalace. Abin da ke maƙale a ƙarƙashin murfin nan, mai tsotse danshi ne.

Duk wannan na san shi, kuma ina jin daɗin sanin.

Malam Ado manomi ne daga Toranke, dattijo dogo mai raha, ya haura saba'in. Matarsa ta rasu, yana zaune tare da ɗansa Sunusi da matar ɗan, Sa'ade. Yana da hawan jini, kuma duk wata yana zuwa ranar masu hawan jini a auna shi. Ni da hannuna nake ba shi ƙwayoyinsa. Ba baƙo ba ne a wurina.

Ranar da nake ba ku labari ranar kasuwar Ajingi ce, layi har bakin ƙofa, don mutanen ƙauye sukan haɗa kasuwa da asibiti a tafiya ɗaya. Ba hawan jini ne ya kawo shi ba. An gama cirar gyaɗa, gwiwoyinsa da ƙugunsa sun riƙe. Sista ta rubuta masa farasitamol na haɗiya, na kwana biyar. Da na miƙa masa sai ya juya shi a tafin hannu ya ce, “Likita, ni fa waɗannan fararen naku a maƙogwaro suke tsaya mini. Sai in sha ruwa moɗa guda suna nan. Ba ka da na ruwa irin na yara?”

Mutanen ƙauye dukanmu likita suke ce mana, mun gaji da gyarawa.

Na ce, “Baba, ina da wanda ya fi na yara. Tsaya ka ga ikon Allah.”

Na ɗebo ruwa rabin kofi, na jefa ƙwaya biyu. Ruwan ya ɗauki shuuu, kumfa na tasowa, ƙwayoyin na rawa suna ƙanƙancewa. Malam Ado ya ja da baya ya ce, “La'ilaha illallahu! Ruwan sanyi yana tafasa ba wuta?” Mutanen layi suka matso suna leƙe. Na ce ya jira har ya daina motsi. Da ya lafa ya ɗaga ya shanye, ya lashe baki, ya yi gyatsa, aka yi ta dariya.

Ya ce, “Wannan ai ba magani ba ne, lemo ne.”

Na tsaya na yi masa bayani yadda ya kamata. Rabin kofi na ruwa mai tsabta. Ƙwaya biyu. Kada ya sha sai ya narke duka. Kada ya kuskura ya haɗiye ta haka. Kada ya wuce sau huɗu a yini. Ya rufe murfi sosai, kada ya ajiye kusa da randa. Na sa shi ya maimaita mini, ya maimaita daidai. Da ya tafi har ina yabon kaina a zuci, ina cewa haka ake aiki.

Abu uku ban yi ba. Ban taka taku goman nan na gaya wa Sista ba, don layi ya yi tsawo kuma a ganina ai farasitamol farasitamol ne. Ban rubuta canjin a katinsa ba. Ban kuma gaya masa cewa bayan kwana biyar ya daina ba. Amma babban abin shi ne wanda ko a raina bai zo ba. Sodar nan da ke sa shi tafasa 'yar'uwar gishiri ce. Abin nan na cikin gishiri mai tayar da hawan jini, shi ne a cikinta. Harshe ba ya jin sa, don tsami da zaƙi sun rufe shi. Wanda ya sha ƙwaya takwas a yini, gishirin da ya shiga jikinsa ta nan kaɗai ya wuce abin da ake so lafiyayye ya ci tun daga safe har dare. An koya mana wannan a makaranta. A jikin robar ma an rubuta da ƙananan haruffa. Ni da nake ba mutumin nan maganin hawan jini duk wata, ban haɗa biyun ba.

Maganin ya karɓe shi. Bayan 'yan kwanaki ya aiko a ƙaro masa, na ba da roba ɗaya. Daga nan namu ya ƙare, ni kuma na manta da zancen. Abin da ban sani ba shi ne ya ba Sunusi tsohuwar robar, duk sanda ya shiga Gaya sai ya nuna a kemis a ba shi irinta. Tsoho ya mayar da shi abin sha: biyu da safe, biyu da azahar, biyu da la'asar, biyu bayan isha'i. Bai taɓa wuce ƙa'idar da na ba shi ba.

Wata na farko jininsa ya ɗan hau. Sista ta ce ya kula da abinci. Wata na biyu ya ƙara hawa, ƙafafunsa suka fara kumbura, takalmi ya daina shiga. Ta ƙara masa ƙarfin magani. Ta tambaye shi ko yana shan wani abu na gargajiya, ya ce a'a. Ta ce ko yana shan wani magani ban da wanda ake ba shi a nan, ya ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa a saninsa, tun da a nan aka fara ba shi. A wata na uku da ta ga awon, sai ta ajiye abin awon ta ce a zo mata da mai yi masa girki.

Sista Ladidi mace ce mai ƙaunar marasa lafiyarta, amma harshenta kaifi gare shi. Ta sha ganin gidajen da ake cewa an daina sa gishiri alhali ba a daina ba, don haka ta riga ta yanke hukunci kafin a zo.

Mako na gaba Sunusi ya kawo mahaifinsa da matarsa a babur. Sa'ade yarinya ce siririya mai kunya, goye da 'yarta. Ranar masu hawan jini ce, baranda cike da tsofaffi, yawancinsu daga Toranke da ƙauyukan kusa. Sista ba ta shigar da ita ɗaki ba. A nan baranda ta tare ta, wai don saura su ji su ɗauki darasi. Ina jin komai ta tagata.

Ta ce, “Ke ce mai dafa wa tsohon nan abinci?”

Sa'ade ta durƙusa ta ce, “Ni ce.”

“Me muka ce game da gishiri?”

“An ce a daina. Na daina, Sista. Tukunyar Baba daban nake yi. Ba gishiri, ba dunƙule, ko kanwa ba na sawa.”

“Ƙarya kike yi. Dubi ƙafarsa. Ƙafa ba ta ƙarya. Ku yaran yanzu ƙyuya ce ta yi muku yawa, tukunya biyu ta fi ƙarfinku, sai ku ɗiba masa a taku ku ce kun ware. In ya faɗi ya mutu, ki sani da hannunki a ciki.”

Sa'ade ta ce, “Wallahi tallahi ban taɓa ba.” Malam Ado ya sa baki ya ce yarinyar nan tana ƙoƙari, miyarsa lami ce salam, shi da kansa yake ƙorafi. Sista ta ce ya yi shiru, kare ta yake yi. Wata tsohuwa a benci ta ce, “Haka suke, sai rantsuwa.” Sunusi yana tsaye gefe, kansa a ƙasa, ya kasa kallon kowa.

Bayan an gama, Malam Ado ya zo taga karɓar maganinsa. Yana jira ina ƙirga masa, sai ya sa hannu a aljihu ya zaro roba ya ɗora a kan katakon taga.

Ya ce, “Likita, duk cikin magungunanku wannan naka ne kaɗai na ga amfaninsa. Tun ranar da ka ba ni ban yi fashi ba.”

Na ce, “Wane? Tun yaushe?”

“Tun cirar gyaɗa mana. Sau huɗu, yadda ka ce.”

Na ɗauki robar na juya ta. Ga rubutun nan, ƙanana, yana gargaɗin masu hawan jini da masu ciwon zuciya da na ƙoda. Na ɗaga ido na hango Sa'ade a gindin bishiyar darbejiya tana share hawaye da gefen hijabi. Na dubi ƙofar Sista, a buɗe take.

Kuskuren farko mantuwa ce, kuma duk wanda ya daɗe a aikin nan ya yi irinsa. Abin da na yi a wannan lokacin shi ne ba mantuwa ba. A shekarar nake jiran ƙarin girma, takarduna suna sakatariyar ƙaramar hukuma. Na san halin Sista, na san in na faɗa, a barandar nan za ta wanke ni tas kamar yadda ta yi wa yarinyar, sannan ta rubuta rahoto a kaina. Sai zuciya ta ce mini ai gyara ake nema, ba tonon asiri ba. In ya daina sha, jinin zai sauka, magana ta mutu.

Na rage murya na ce, “Baba, wannan ka sha ya isa haka. Ka bar shi. Ga wani, ka riƙa raba shi biyu kana haɗiya da kunu.”

Ya ce, “Me ya yi? Ai yana yi mini aiki.”

Na ce, “Ba komai. An dai fi son a riƙa hutawa.”

Ya ce to. Ya mayar da robarsa aljihu, ban ma karɓe ba. Ku duba ku gani: na ce wa mutum ya bar abin da yake jin daɗinsa, na kuma ce masa ba komai. Wa zai bari? Daga baya na ji cewa ya gwada na haɗiyar kwana biyu, ya maƙale masa, ya koma wa lemonsa. Akwai sauran roba biyu a ɗakinsa.

Mako uku bayan nan, wata ranar Talata da hantsi, Sista ta leƙo ɗakina ta ce, “Malam Tasi'u, ka ji tsohon nan na Toranke ya faɗi? Jiya yana alwalar azahar. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Suna babban asibiti a Gaya.” Ta yi tsaki ta ce, “Na gaya wa yarinyar nan. Ai mijin ya kora ta gidansu a Balan, ya ce kada ta dawo sai ya neme ta. Ni ban ga laifinsa ba.”

Ta juya za ta fita na ce, “Sista, ki zauna, ina da magana.”

Na gaya mata komai, tun daga kofin ruwa har zuwa robar da ya mayar aljihu. Na zaci za ta yi ihu. Ba ta yi ba. Ta zauna a kan katan, ta cire tabarau.

Can ta ce, “Ranar da na zagi yarinyar nan, ka sani?”

Na ce, “Bayan kin gama na sani.”

“Tana nan ba ta tafi ba?”

“Tana gindin darbejiya.”

Ta ce, “Kai ka ba da magani, ni na ba da zagi. Rufe ɗakin nan, ɗauko mabuɗin babur ɗinka.”

Muka bar wa ungozomarmu asibitin muka tafi Gaya. Mun fara ganin likitan da ke duba shi, na maimaita masa abin da ya faru. Ya saurara, ya rubuta a fayil, ya sa aka aika gida a kwaso sauran robobin. Na tambaye shi abin da ke cina, ko maganin ne ya jawo faɗuwar. Ya ce ba wanda zai iya rantsewa. Mutum ne mai shekaru, mai hawan jini tun da daɗewa, zai iya faɗuwa ko ba wannan. Amma wata uku ana zuba masa gishiri haka, ba shakka ya tura shi gaba. Na so ya ce eh ko a'a. Har yau a tsakanin nan nake zaune.

Malam Ado yana kwance, idonsa biyu. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin murmushi da rabin fuska, ya ɗaga hannun hagu. Ya yi magana ban gane ba. Sunusi ya ce, “Cewa yake likitansa ya zo.”

Na ja Sunusi waje, Sista na tsaye, na gaya masa. Ya dube ni kamar bai ji Hausa ba.

Ya ce, “Maganin da nake sayowa da hannuna?”

Na ce, “Shi. Kai ba ka da laifi, ni na fara ba shi, ni ne kuma ban faɗi gaskiya ba da na gane.”

Ya jingina da bango. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Abin da ya ce shi ne, “Na ce mata ta kashe mini uba. A gaban 'yan'uwana na faɗa.” Ya rufe fuska da hularsa.

Ba zai iya barin mahaifinsa ba a ranar, don haka ni da Sista muka wuce Balan. Mun isa bayan la'asar. Mahaifin Sa'ade, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya aika aka kira ta. Ta fito ta durƙusa daga bakin ƙofa. Da ta ga Sista sai ta sunkuyar da kai, ta zaci wani zagin aka biyo ta da shi har gida.

Sista ce ta fara. Ta ce, “'Yata, na zo ne in ba ki haƙuri. Na ce kin yi ƙarya, ashe gaskiya kika faɗa. Malam Tasi'u zai yi miki bayani.”

Na zo da roba ɗaya daga Gaya. Na roƙi ruwa a kofi, na jefa ƙwaya, ta fara tafasa. Na soma bayanin tsami da soda, ina ta kewaye-kewaye. Sa'ade ta san maganin sarai, ita take ɗebo masa ruwan sha. Ta zuba wa kofin ido, sai ta katse ni.

Ta ce, “Kamar in an jefa kanwa a miyar yakuwa ta taso?”

Na ce, “Haka ne. Kusan abu ɗaya ne.”

“To kanwa ce a ciki ke nan.”

“'Yar'uwarta ce.”

Ta ce, “Ni an hana ni sa masa ɗan ƙanƙanin da zai kashe tsamin miya. Wata da watanni yana cin tuwo yana ɓata fuska, ina ba shi haƙuri. Ashe ni ce nake miƙa masa ita a kofi sau huɗu.”

Sai ta tambayi abin da Sista ta tambaya, wato yaushe na sani. Na gaya mata. Ta ɗago ta dube ni, karo na farko ke nan da ta kalli fuskata.

Ta ce, “Malam, ina gindin bishiyar nan na fi rabin awa ina jiran Baba. Da ka fito ka faɗa, mutanen da suka ji an ce mini maƙaryaciya duk suna nan zaune. Yanzu sun watse, kowa ya kai labarin garinsu. An zage ni a gaban jama'a, an zo ana wanke ni a zaure.”

Mahaifinta ya ce, “Ke, ya isa. Mutane sun tako har gida.”

Ta ce, “Na yafe, Baba. Allah ma muna yi masa laifi ya yafe mana.” Ta tashi ta shige ciki.

Muka kamo hanya muka koma Ajingi. Washegari ta sa na rubuta rahoto da hannuna, ita ma ta rubuta nata, ta sa har da abin da ta yi a baranda. Aka ba ni takardar tuhuma daga sakatariya, na amsa, aka ba ni ta gargaɗi. Ƙarin girman bai zo ba sai bayan shekara biyu. Wannan shi ne abin da na ji wa tsoro har na yi shiru, kuma da ya zo ban ma ji zafinsa ba.

A ranar masu hawan jini ta gaba, Sista ta tsaya a baranda ta gaya wa tsofaffin nan cewa matar Sunusi ba ta yi ƙarya ba, laifin daga wurinmu yake. Ta sa na fito na nuna musu robar, na ce duk mai hawan jini kada ya sha irin wannan sai an duba an yarje masa. Sun ji. Amma rabin waɗanda suka halarci ranar farko ba su zo ba, kuma labarin wankewa ba ya gudu kamar na zargi.

Sunusi ya je biko sau biyu kafin Sa'ade ta koma. Ita ta yi jinyar Malam Ado bayan an sallamo shi, ita take juya shi, take ba shi kunu a cokali. Na riƙa zuwa Toranke duk mako biyu ina auna shi a gida, ba wanda ya sa ni. Jinin ya sauka, kumburin ƙafa ya saɓe, amma hannun da ƙafar ba su dawo ba, maganarsa ma sai wanda ya saba. Na gaya masa gaskiya shi ma, na nemi gafara. Ya kama hannuna da na hagunsa ya girgiza kai, ya nuna sama. Ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni, Allah ya karɓi abinsa da damina. Na je jana'iza.

Sa'ade takan gaishe ni in na je, ta kawo ruwa ta ajiye, ba ta taɓa nuna mini fushi ba. Amma ba ta sake taka asibitinmu ba har na bar wurin. Da ta sami ciki na biyu, Gaya take zuwa awo, ta wuce mu a hanya. Rigakafin yara ma can take kai su. Sista ta aika mata sau biyu, ta ce ta gode.

To ga abin da zan bar muku. Ƙwayar nan mai tafasa ba mugun abu ba ce. Na ci gaba da ba da ita har na yi ritaya, ga wanda haɗiya ke yi wa wuya, ga wanda ke son sauƙi da wuri, na kwana kaɗan. Sai dai kafin ka miƙa, ka tambayi mutum hawan jini, ka tambaye shi zuciya da ƙoda, ka gaya masa ranar da zai daina. In ka hana shi abu, ka gaya masa dalili, don mutanenmu ba sa barin abin da ya karɓe su saboda an ce kawai a bari. Kuma duk abin da ka canza, ka rubuta, don wanda zai duba shi gobe da katin yake gani.

Kuskure kuwa za ku yi shi, kada wanda ya ruɗe ku. A aikin nan in ma'aikaci ya yi kuskure ya yi shiru, kuskuren ba ya ɓacewa, wani ake ɗora wa. Kuma kusan kullum wanda ake ɗora wa shi ne wanda ba shi da bakin kare kansa: mai girki, mai jinya, wadda ta durƙusa tana rantsuwa ba a yarda ba. In kun gane naku ne, ku tashi ku faɗa a lokacin, tun mutanen da suka ji zargin ba su tashi daga benci ba.